Wace jakar barci zan saya don kwana biyar a duwatsun Kachkar?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne ɗan Kano, ina karatu a Trabzon ta ƙasar Turkiyya. Ni da abokaina mun shirya tafiyar ƙafa ta kwana biyar a duwatsun Kachkar a farkon watan Satumba. Kowa kayansa zai goya, kuma a tanti za mu riƙa kwana. Na duba jakar barci a intanet, na ga wata da aka rubuta mata digiri 15 ƙasa da sifili, kuɗinta bai taka kara ya karya ba, nauyinta kuma bai kai kilo ɗaya ba. Na ga wasu an rubuta musu sifili kawai, amma kuɗinsu ya ninka nata sau huɗu. Kuɗin hannuna kaɗan ne, ba na son nauyi, kuma ni mutum ne mai jin sanyi. Wacce zan saya?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. In na fahimce ka, abu uku kake nema a jaka ɗaya: ta yi ɗumi, ta yi sauƙin ɗauka, kuma kada ta cinye maka kuɗin abincin wata. Bari in fara da wadda ka gani ɗin, don kada ka tura kuɗi kafin ka gama karanta amsar nan. Kada ka saye ta. Jakar da za ta kwanar da mutum cikin sanyin digiri 15 ƙasa da sifili alhali nauyinta bai kai kilo ɗaya ba, ko kamfanonin da ke ɗinka wa masu hawan Himalaya kaya da ƙyar suke kusantar haka, kuma da tsada mai yawa. Wanda ya ce zai ba ka irinta da kuɗin takalmi, lamba kawai ya buga a jikin leda. Araha ba ta ado, kuma a kan dutse cikin dare ba ado kaɗai take hana mutum ba, har barci.

Sanyin da za ku tarar

Kafin a yi maganar jaka sai an san sanyin da za a kwana a ciki. Ƙololuwar Kachkar ta kai mita 3,937, amma ba a can za ku kwana ba. Masu hawa ta ɓangaren kudu, wato ta Yusufeli da ƙauyen Olgunlar, galibi a filin Dilberduzu suke kafa tanti, a tsayin kimanin mita 2,860. Masu shiga ta arewa kuwa ta Ayder suke bi su haura Kavron. Ƙa'idar da muke lissafi da ita ita ce, duk mita 1,000 da ka haura, zafi yana raguwa da kusan digiri 6.5. A ce daren da kuka bar bakin teku a garin Rize digiri 17 ne. Ka cire kusan digiri 18 ko 19 na tsayin Dilberduzu, ka ga ka faɗa ƙasa da sifili da digiri ɗaya ko biyu. In kuma sararin sama ya washe babu girgije, ƙasa tana saurin sakin zafinta, sanyin asuba ya ƙara sauka. Wasu dararen za su zo muku da sauƙi, digiri 5 ko 6, amma mai sayen jaka da mafi munin dare yake lissafi.

Ka tuna kuma da jikin da za ka kai wurin. Hunturun Kano da muke kuka da shi, har a hura wuta a ƙofar gida, da wuya darensa ya sauka ƙasa da digiri 10. Wanda ya tashi a nan, ga gajiyar yini guda yana hawa, ga ƙarancin iska a sama, ga abincin da bai kai na gida ba, zai fi jin sanyi fiye da abokinsa ɗan Erzurum, garin da ya yi suna da sanyi a gabashin Turkiyya, da ke kwance a gefensa. Kai ma da bakinka ka ce mai jin sanyi ne. Don haka lambar da za mu nema maka ita ce sifili, kuma in ka samu wadda ta sauka zuwa 2 ko 3 ƙasa da sifili ba tare da ta yi tsada ba, ta fi.

Lambobi uku da ke jikin jaka

A nan ne aka fi cutar masu saye. Jakar kirki ana gwada ta ne bisa wani ma'auni na duniya mai suna ISO 23537, wanda ya maye gurbin na Turai, EN 13537, a shekarar 2016. Yadda ake gwajin shi ne, a sa wa wani mutum-mutumi mai ɗumama kansa doguwar rigar ciki da dogon wando da safa, a zura shi cikin jakar, a kwantar da shi a kan shimfiɗa mai kauri cikin ɗaki mai sanyi, a auna yawan zafin da ke tsere masa. Daga nan ake fitar da lambobi uku, kuma za ka gan su a rubuce a jikin jakar ko a takardarta.

Ta farko, Comfort, ita ce sanyin da mace matsakaiciya za ta yi barci a miƙe ba tare da ta ji sanyi ba. Ta biyu, Limit, ita ce inda namiji matsakaici zai iya barci amma a dunƙule, gwiwa a ƙirji, yana kan gaɓar jin sanyi. Ta uku, Extreme, ba lambar barci ba ce sam. Ma'anarta mace za ta iya kai sa'o'i shida tana kyarma ba ta mutu ba, kuma ko a haka sanyin yana iya yi mata illa. Tsakanin ta farko da ta uku akan samu tazarar digiri 20 ko fiye. Jakar da Comfort ɗinta digiri 5 ne, ba abin mamaki ba ne Extreme ɗinta ya kai 15 ƙasa da sifili, kuma wannan lambar ta ƙarshe ce masu talla suke bugawa da manyan baƙaƙe. Ina kyautata zaton abin da ka gani ke nan, in ma an gwada ta.

Na taɓa kwana a sansani ɗaya da wani saurayi da ya zo da irin wannan jakar. Wajen ƙarfe uku na dare muka ji motsinsa a waje. Ya saka duk rigunan da ya zo da su, ya ɗaura tawul a wuya, yana ta kai da komo tsakanin tantuna yana buga ƙafa, haƙoransa na haɗuwa har ana ji. Da muka haska jakar da tocila, sai ga hasken yana ratsa ta ta kowane layin ɗinki, kaurinta bai wuce yatsa biyu ba. Muka dafa masa ruwa a gora, muka ba shi rigar sanyi, ya samu ya runtsa. Washegari ƙafarsa ta kasa ɗaukarsa zuwa sama, ya koma ƙauye. Sanyin daren nan bai wuce sifili ba.

Saboda haka kai Comfort za ka duba, ka manta da sauran biyun. In shafin mai sayarwa bai nuna lambobi ukun ba, kuma bai ambaci ISO 23537 ko EN 13537 ba, ka ɗauka lambar da ya rubuta ra'ayinsa ne. Akwai kuma wani tarko a jakunkunan Amurka. In ka ga an sa wa jaka suna da lamba 20 ko 30, da ma'aunin Fahrenheit ake nufi. Lamba 20 tana daidai da kusan digiri 7 ƙasa da sifili a ma'auninmu na Celsius, kuma galibi Limit ce, wanda ke nufin Comfort ɗinta yana wajen sifili. Irin wannan ta dace da kai. Mai lamba 30 ba za ta ishe ka ba.

Gashin agwagwa ko faiba

Jaka ba ta ƙirƙirar zafi. Kamar kular abinci take: in ka zuba tuwo da zafinsa ta riƙe maka, in ka zuba shi da sanyi haka za ka tarar da shi. Abin da ke riƙe zafin jikinka shi ne iskar da ta maƙale a cikin abin da aka cusa wa jakar, don haka gwargwadon kumburinta gwargwadon ɗuminta. Abu biyu ake cusawa. Ko dai lallausan gashin ƙirjin agwagwa ko na dinya, ko kuma faiba, wato zaren roba irin na cikin filo amma wanda aka inganta.

Gashi ya fi ɗumi a kan kowane giram, yana matsuwa ya koma ɗan ƙunshi, kuma in an kula da shi yana shekara goma ko fiye bai mutu ba. Aibinsa tsada, sannan in ya jiƙe sai ya dunƙule ya daina aiki, kuma bushewarsa aiki ce. Faiba ta fi araha, ko ta ji danshi tana riƙe wani abu na ɗuminta, tana saurin bushewa. Amma ta fi nauyi, ta fi cin wuri, kuma duk matsawar da aka yi mata tana rage mata kumburi, bayan 'yan shekaru sai ka ga ta kwanta. A aikace, jakar faiba mai Comfort sifili takan kai kilo ɗaya da rabi ko fiye, ta cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na jakar goyonka. Ta gashi mai ɗumi iri ɗaya takan tsaya tsakanin giram 900 da kilo 1.2.

Wani zai ce maka tunda Kachkar ce, faiba kawai za ka saya, kuma yana da hujja. Rize ita ce lardin da ya fi ko'ina samun ruwan sama a Turkiyya, sama da milimita 2,000 a shekara, kuma hazon da ke tasowa daga Bahar Aswad, tekun da ke arewacin ƙasar, yakan rufe kwarurukan arewa da rana tsaka har ka kasa ganin na gabanka. Ɓangaren Yusufeli ya fi bushewa sosai. Duk da haka, ni a ganina, mai goyon kayansa kwana biyar gashi ya fi masa, muddin zai iya kiyaye abu biyu. Na farko, ya sa jakar cikin leda mai kauri, ko da irin baƙar ledar shara ce, ya murɗe bakinta kafin ya cusa ta a jakar goyo. Na biyu, kullum da safe ya fito da ita ya shanya a kan dutse ko a kan tanti, ko na minti ashirin ne, kafin ya naɗe. Ruwan sama bai cika jiƙa jakar mai hankali ba. Abin da ke jiƙa ta shi ne gumin jikinka da raɓar da numfashinku ke tarawa a jikin tanti ta ciki. Ka taɓa ƙasan jakarka da asuba, wajen ƙafa inda take gogar tanti, za ka ji ta da laima. Dare ɗaya ba komai, amma in aka naɗe ta haka kwana huɗu a jere, daren ƙarshe za ka ji kamar an canza maka jaka. In ka san kai ba mai wannan kulawar ba ne, ko tantin naku na araha ne mai yoyo, to ka sayi faiba ka haƙura da nauyin.

In ka tsaya a kan gashi, ga inda za ka tsira da kuɗinka. Za ka ga lamba kamar 550, 650 ko 800 a jikin jakar. Tana nuna yawan kumburin gashin ne, wato wurin da awo ɗaya nasa yake cikewa. Mutane suna ruɗuwa su ɗauka mai 800 ta fi mai 650 ɗumi, alhali ɗumi ya dogara ne da wannan lambar haɗe da yawan gashin da aka zuba. Giram 500 na mai 800 yana yin aikin kusan giram 615 na mai 650. Bambancin giram ɗari da 'yan kai ne, nauyin da bai kai na wayarka ba, amma bambancin kuɗin yana da yawa. Ɗalibi ya nemi gashin agwagwa mai 600 zuwa 700, wanda aka zuba masa giram 600 zuwa 700. Duk mai sayarwar da ya ɓoye nauyin gashin da ke ciki, ya faɗi nauyin jakar kawai, akwai abin da ba ya so ka sani. Ka duba kuma rabon gashi da fuka-fukai, ana rubuta shi 90/10 ko 80/20. Ƙasa da 80 ba ta da amfani a wannan tafiyar.

Abin da ke ƙarƙashinka

Wannan shi ne abin da ba ka tambaya ba, kuma shi na fi so ka ji. Duk gashin da ke ƙarƙashin bayanka, nauyinka ya danne shi, babu iska a cikinsa, ba ya aikin komai. Ƙasa kuwa tana zuƙe zafin jiki fiye da yadda iska take yi. Shimfiɗa ce kaɗai ke tsakaninka da ita. Shimfiɗar ma tana da lambarta da ake kira R, mai nuna ƙarfinta wajen tare sanyin ƙasa, kuma tun daga shekarar 2020 manyan kamfanoni suka koma auna ta da ma'auni ɗaya, ASTM F3340. Mutum-mutumin da na ba ka labari, a kan shimfiɗa mai R kusan 5 ake kwantar da shi. Ke nan Comfort sifilin da aka rubuta maka, da sharaɗin irin wannan shimfiɗar ne. In ka ɗora jakar a kan 'yar tabarmar motsa jiki, ka yi asarar digiri da yawa da ka biya kuɗinsu.

Na sha ganin mutum ya zuba duk kuɗinsa a jaka mai tsada, ya kwana yana juyi, gefen da ke sama da ɗumi, gefen da ke ƙasa kamar ƙanƙara, da safe ya ce jakar ce ba ta da kyau. Don Satumba a Dilberduzu ka nemi R 3 zuwa sama. Shimfiɗar soso mai naɗewa takan ba da kusan 2, ba ta da tsada, ba ta fashewa, nauyinta wajen giram 400. Abin daɗin shi ne lambobin suna haɗuwa: soso mai 2 da katifar hurawa ta araha mai 1.5 a kansa sun ba ka 3.5. In kuɗinka ya kasa, gara ka sauko daga gashi zuwa faiba ka sayi shimfiɗar kirki, da ka sayi gashi ka kwanta a ƙasa.

Ɗinki da girma

Ka sayi mai tsukewa wajen ƙafa, mai hula da igiyar zugewa. Mai kusurwa huɗu kamar bargo ta kwanan mota ce. Ka duba akwai wani tudu mai laushi da ke bin bayan zif daga sama har ƙasa, da wani a wuya, su ne ke tare iska. Ka kama yadin ciki da na waje a kan layin ɗinki ka ja: in a manne suke, ɗinkin ya ratsa su gaba ɗaya, sanyi zai bi ta nan. Jakar sifili ta gashi ya kamata a ce akwai ɗan bango tsakanin yadin biyu. Sannan ka sayi daidai tsawonka. Jakar da ta fi ka tsawo da yawa, ƙafarka ce za ta kwana tana ɗumama wurin da babu kowa. Akwai masu yabon irin wadda ba ta da baya ba ta da hula, don ta fi sauƙi. Tana da kyau ga wanda ya saba, amma ban ba mai tafiyar farko shawararta ba.

Inda araha ta gaskiya take

Tunda kana Turkiyya, ka fara da Decathlon, shagon kayan wasanni. Dalilina shi ne suna rubuta lambobin gwaji a fili, lambar da ke cikin sunan jakunkunansu na tafiyar dutse ta Comfort ce, kuma za ka iya zuwa shago ka shiga cikin jakar ka ji ko ta yi maka. Suna da ta faiba da ta gashi a matakin sifili, ka auna su da aljihunka. Kamfanonin Sin irin su Naturehike da Aegismax suna da jakunkunan gashi masu sauƙin kuɗi, wasunsu ba laifi, amma da su nauyin gashin za ka bi, kuma ka ƙara digiri 4 ko 5 a kan abin da suka rubuta in ba ka ga shaidar gwaji ba.

Gwanjo ma hanya ce, kuma a shafin Sahibinden ana samun waɗanda suka saya suka yi tafiya ɗaya suka ajiye. Ta gashi ta hannu ta fi ta faiba ta hannu nesa ba kusa ba, saboda dalilin da na faɗa. In ka je gani, ka zazzage ta ka shimfiɗa a ƙasa, ka ba ta minti goma. Ta tashi, sashen sama kaɗai ya kai kaurin santimita 5 ko 6. Ka ɗaga ta ga hasken taga ka ga ko akwai aljihun da gashinsa ya gudu ya bar fili. Ka shinshina, warin rima ba ya fita da sauƙi. Ka tambayi mai ita yadda ya ajiye ta. Wadda ta shekara a matse cikin 'yar jakarta ta riga ta gaji. Kai ma in ka dawo, a sake za ka ajiye taka, cikin babbar rigar filo ko a rataye. In kuma wannan ce tafiyarka ta farko kuma ba ka tabbata za ka sake ba, ka tambayi ƙungiyar masu hawan dutse ta jami'arku, da yawansu suna ba da aron kaya.

A cikin tanti

Akwai digiri uku ko huɗu da za ka samu kyauta. Ka ware riga da wando da safa na barci kaɗai, busassu, ba na auduga ba, kada ka taɓa yin tafiya da su. Ka ci abinci mai maiƙo kafin ka kwanta. Ka sa hular sanyi. In ka yi alwalar isha, ka goge ƙafarka ta bushe sarai, ka ɗan motsa jiki har ka ji ɗumi, sannan ka shiga. Ka zuba ruwan zafi a gora mai jure zafi, mai murfin kirki, ka sa ta cikin safa ka ajiye tsakanin cinyoyinka. Da asuba kuma ga ruwan alwala da bai yi ƙanƙara ba. Kada ka cusa hancinka cikin jaka, numfashinka zai jiƙa ta, ka zuge hular ka bar baki da hanci a waje. Zanen da ake sayarwa don zurawa a cikin jakar barci ana cewa yana ƙara digiri 10 ko fiye, yana kare jaka daga datti, amma kada ka dogara da shi a kan fiye da digiri biyu ko uku.

Duk wannan lissafin na mutum matsakaici ne, kuma jiki ya bambanta. Kafin ranar tafiya ku hau ɗaya daga cikin tsaunukan da ke bayan Trabzon ku kwana ɗaya a kusa da hanyar mota, da jakar da shimfiɗar da kayan barcin da za ka tafi da su. In ka ji sanyi a can, kana da lokacin gyarawa. Shawarar nan kuma ta farkon Satumba ce kawai. In tafiyar ta ja zuwa ƙarshen wata ko Oktoba, dusar ƙanƙara tana iya sauka a Dilberduzu, kuma a lokacin sai jaka mai Comfort 7 zuwa 10 ƙasa da sifili da shimfiɗa mai R 4 ko fiye, wanda kuɗinsu da nauyinsu wani lissafi ne daban. Ko a Satumbar ma, in kun isa Olgunlar ko Ayder, ku tambayi masu masauki yadda dararen makon suka kasance a sama kafin ku ɗauki hanya.